Aikin Farko na Yaro, Daga Zangon Fatake Zuwa Bakin Iyaka

Wannan rubutaccen bayani ne na shirinmu na tarihi na wannan wata, domin waɗanda suke daji da dabbobi ko suke kan hanya lokacin da aka watsa shi.

Maganar da muka ɗauko ta yaro ce ɗan shekara 13 zuwa 17, wanda ya fara neman abin da zai riƙa taɓawa ranar kasuwa, ko bayan an tashi makaranta, ko da rani in an gama aikin gona. A garuruwanmu na bakin iyaka ayyukan ba ɓoyayyu ba ne: turin baro, riƙon igiya a kara, zaman shago, bin mota, kabu-kabu ko acaɓa, jarkar mai, kiwon haya. In ka tsayar da yaro yau ka ce me ya sa ya zaɓi wannan ya bar wancan, amsarsa guda ce, nan aka fi samu a yini. To, in muka waiwaya baya, za mu tarar kakanninmu da wata tambaya suke auna aikin yaro: ranar da zai bar aikin nan, me zai rage a hannunsa?

Mu fara da ayari. A ƙarni na 19, hanyar Gwanja tana cikin manyan hanyoyin arziki a ƙasar Hausa. Fatake kan tashi daga Kano ko Katsina ko Sakkwato da kanwa da turkuɗi da jan fata da gabu, su bi ta Jega, su ƙetare Kwara wajen Yawuri ko Ilo, su ratsa ƙasar Bargu, su wuce Jugu da Yandi har Salaga, a arewacin Gana ta yau, inda goron ƙasar Asante yake jiran su. Zuwa kaɗai yakan ci wata biyu zuwa uku. In ka haɗa da zaman ciniki da dawowa, wani sai ya kusa shekara bai ga gida ba. Ayari guda yakan kai mutum dubu ko fiye. Madugu ne shugaba, jagaba yana gaba yana duba hanya da wurin zango, uban dawaki yana tattara kuɗin da za a biya sarakunan hanya, ga malamin ayari mai riƙe da lissafi.

Ina yaro a cikin wannan taro? Yana bayan jakuna. Shi ne mai taya ɗaura mangala da asuba, shi ne mai saukewa in an isa zango. Ɗebo ruwa nasa ne, yanko ciyawa nasa ne, da kwana kusa da turke saboda kura da ɓarawo. A hanyar dawowa kuma aikin ya ƙaru, domin goro kamar jinjiri yake: a kwance huhu, a yayyafa ruwa, a sake ganye, a tsince wanda sankara ta taɓa kafin ya ɓata sauran. Babu albashi. Ci da sha ne, da riga in an dawo lafiya. Amma an saba barin yaro ya ɗora ɗan ƙunshin kayansa a kan jakin ubangidansa, ya sayar a hanya, ribar tasa ce. Kafin a yi tafiya uku ya iya ƙidayar goro ƙwarya-ƙwarya, ya iya lissafin wuri, ya tsinci Dandanci da Dagwambanci na ciniki, ya san garin da sarkinsa yake tsawwala wa baƙi, ya san fatoman da za a bar wa ajiya a dawo a tarar da ita. Wannan sani shi ne ladan, kuma ba a ƙwace shi a hanya.

Labarin Alhasan Ɗantata ya nuna yadda abin yake. An haife shi a Bebeji a 1877, cikin zuriyar Agalawa. Mahaifinsa ya rasu yana ƙarami, mahaifiyarsa ta tafi Ankara, wato Akara ta Gana, ta bar shi hannun wata tsohuwa mai suna Tata, wadda ya ci sunanta. Ya yi almajiranci, yana ɗan aikin da almajirai kan yi don su ci, ana kuma ba da labarin tun lokacin yake jefa abin da ya samu a asusu. Yana da wajen shekara 15 ya bi ayarin Gwanja don ya ga mahaifiyarsa, kuma bai tafi hannu rabbana ba: ya sayi 'yan kaya a Bebeji, ya sayar da wasu a hanya, sauran ya ƙarasa a can. Mutumin da ya rasu a 1955 ana lissafa shi cikin mafi arzikin Afirka ta Yamma, da wannan ɗan ƙunshin ya fara.

Su kansu Agalawa, asalinsu Bugaje ne da suka gangaro daga ƙasashen Abzinawa, a Nijar ta yau, suka zauna a ƙauyukan Kano da Katsina ba su da sarauta ba su da ƙasa mai yawa. Da me suka zama manyan fataken goro? Da jan 'ya'yansu da 'ya'yan dangi a hanya tun suna samari, har kowa ya tsaya da jakunansa.

Amma kada mu shafa wa tarihi zuma. Da yawa daga cikin masu ɗaukar kaya a ka a ayarin nan bayi ne, ba wanda ya tambaye su ko suna so. 'Yan fashin Bargu sun kashe mutane, ciwo ya kashe wasu, an binne su a zangon da danginsu ba su taɓa jin sunansa ba. Shi kansa Ɗantata an kama shi lokacin Yaƙin Basasar Kano, wanda aka fara a 1893, sai daga baya ya kuɓuta. In yaro ɗaya ya zama madugu, da yawa sun tsufa suna bayan jakin wani.

A arewa kuma akwai ayarin gishiri, daga Abzin a ratsa Tenere zuwa Faci da Bilma, a ɗauko kantu da dabino, a gangaro Damargu da ƙasar Hausa a musanya da gero. Nan ma da ƙuruciya ake fara bin raƙuma, kuma tafiyar farko ita ce take mai da yaro namiji a idon mutanensa.

Yanzu mu koma ruga, inda ku iyayena makiyaya kuka fi ni sani nesa ba kusa ba. A wajen Fulani yaro ba ya jiran ya girma kafin ya mallaki abu. Tun ranar suna, ko yana ɗan ƙarami, akan nuna wata karsana a ce tasa ce. Tana cikin garken uba, amma abin da ta haifa nasa ne. Yana ɗan shekara 6 ko 7 yana tsaron maruƙa da tumaki kusa da gida, kafin ya kai 15 ya iya fita da garke shi kaɗai. Ku lura da hikimar: yaron da yake bin shanu cikin rana da ƙaya, dukiyarsa yake bi. Ba sai an yi masa wa'azin amana ba. In lokacin aure ya zo, a ware masa nasa, ya kafa gidansa.

Wanda ubansa ba shi da abin ba shi fa? Akwai hanya biyu da aka sani. Ta farko haɓɓanaye, wadda Woɗaaɓe da sauran Fulanin Nijar suka riƙe da daraja: ɗan'uwa ko aboki ya ba ka aron karsana, ka kiwata ta, ka sha nononta, ta haihu sau biyu ko uku gwargwadon al'adar wuri, 'ya'yan naka ne, uwar ka mayar wa mai ita. Ta biyu kiwon haya. Saurayi ya karɓi garken wani, a yi magana a gaban ardo ko dattawa cewa bayan wata shida ko shekara za a ba shi maraƙi ko ɗan bijimi, ban da abinci da takalmi da nonon da zai sha. Ladan da yake da ƙafa huɗu ba ya ƙarewa a teburin mai shayi. Saurayi mai haƙuri yakan sayar da bijimin ya sayi karsana, cikin 'yan shekaru ya ga abin da zai kira nasa. Malamai ma suna tuna mana cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi wa mutanen Makka kiwon tumaki ana biyan sa, kafin ya shiga fatauci zuwa Sham. Kiwon haya ba abin kunya ba ne tun asali.

Tsakanin ruga da ayari akwai kara, kuma a kara ne tsarin maigida da yaransa ya fi fitowa fili. Kafin manyan motoci, da ƙafa ake kora shanu daga nan har Ibadan da Ikko da Kumasi, tafiyar makonni, samari ne 'yan kora. Wani Bature mai bincike, Abner Cohen, ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960, unguwar da aka kafa wa Hausawa a 1916, ya rubuta yadda cinikin yake tafiya. Mai shanu daga arewa ya sauka gidan maigida. Dillalan maigida su sayar wa mahauta Yarabawa, yawanci bashi, maigida ne ya tsaya wa kuɗin. A ƙasan dillalai akwai malamin lissafi, sannan yara masu aike da tsaron dabbobi da bin bashi. Yaro yana cin tuwon gidan, yana samun ɗan abin da aka yaga masa daga la'ada. In ya nuna ido da gaskiya, wata rana a ce ya gwada dillanci. Maigida ne kan yi masa aure, ya ba shi ɗaki. Dukan cinikin a kan suna yake tsaye, domin ba takarda ba banki, shi ya sa yaron da aka taɓa kamawa da ƙarya a kan kuɗin saniya guda ya gama yawo a karar nan.

Haka wani Bafaranshe, Emmanuel Grégoire, ya samu a wajen alhazan Maraɗi. Da yawansu barantaka suka fara yi, suna sayen gyaɗa a ƙauyuka da kuɗin ubangida, har aka sallame su da jari. A Maraɗi ana auna attajiri da arzikin mutane, wato yawan waɗanda suke ci a ƙarƙashinsa da waɗanda ya tsayar. Ma'ana nauyin biyu ne. Yaro yana bin umarni, maigida kuma akwai ranar da jama'a suke jiran su ga ya sallame shi. Wanda ya riƙe yaro shekara goma ya sake shi da riga ɗaya, ana faɗin sunansa a zaure, ba da alheri ba.

'Yan mata ma suna da nasu tarihin, ko da yake ba a cika ba shi lokaci a irin wannan hira ba. 'Yar Fulani mai ɗaukar ƙwaryar nono zuwa gari tana koyon ciniki ne a cikin dukiyar da take ta mata, domin kuɗin nono da man shanu na uwa ne. A cikin birni kuma talla ce. Wata mai bincike, Enid Schildkrout, ta bi yaran Kano a shekarun 1970, ta nuna yadda matan kulle suke gudanar da sana'a ta ƙafar 'ya'yansu, ribar tana shiga adashi, daga adashi ta koma kayan ɗakin yarinyar. Nan ma ana tara mata wani abu ne da za ta tafi da shi. Sai dai tallar da ake yi gida-gida cikin unguwar da kowa ya san 'yar wane ce, daban take da tallar tasha da shingen jami'ai har bayan isha. Wannan ta biyun, a ganina, babu kayan ɗakin da ya kai a saye shi da ita.

To, me ya sauya? Abubuwa ne suka biyo juna. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya kai Ƙaura Namoda a 1929, Nguru a 1930. Goro ya koma bin jirgin ruwa zuwa Ikko, daga nan ya hau dogo. Tafiyar wata uku ta zama ta kwanaki, makarantar zango ta rufe. Daga baya manyan motoci suka ɗauke korar shanu, aikin ɗan kora ya koma na ɗan lodi da mai zama a kan katakon mota yana tayar da saniyar da ta faɗi. Ana biyan sa in an sauke, shi ke nan, ba wanda ya san sunan ubansa.

Sai fari. Na 1973 zuwa 1974, da na 1984 zuwa 1985, sun share garkunan mutane da yawa a Nijar da arewacin Najeriya. Abin da ya tsira aka sayar da arha, 'yan kasuwa da ma'aikatan gwamnati suka saya. Ɗan mai garke ya wayi gari yana kiwon shanun wani mutumin birni da ba ya zuwa daji, lada kuma a wurare da yawa ya tashi daga maraƙi ya koma kuɗin wata. Kuɗin wata ba ya haihuwa. Ga shi in shanun sun shiga gona, yaron ne a hannun manomi, mai su yana gari. Matsalar da muke kuka da ita yau ta samarin daji da ba su da abin kansu, ba ita kaɗai ce sanadi ba, amma tana da saiwa a nan.

Sannan ita kanta iyakar. Tsakanin 1906 da 1908 Tilho na Faransa da O'Shee na Ingila suka bi daga Kwara zuwa Tafkin Cadi suna kafa alamomi. Tun daga lokacin aka sami kuɗi biyu, doka biyu, farashi biyu a ƙasar da take harshe ɗaya. Daga bambancin farashin nan wata sabuwar sana'a ta fito. Kalmar fito, wadda da take nufin ƙetarar da mutum kogi a kwalekwale, ta koma sunan ƙetarar da buhun shinkafa ta bayan kwastan da duwan. Jarkar mai ta zama ruwa-ruwa a Damagaram da Maraɗi, bumburutu a Katsina da Sakkwato. Ba na zagin kowa, aikin nan ya ciyar da gidaje da yawa a shekarun da ba wani abin yi. Ga yaro ɗan shekara 15 kuwa, ba abin da ya kai shi daɗi: babur, gudu, kuɗi a aljihu kafin azahar, fiye da abin da yaron shago zai gani a mako.

Amma ku duba abin da ya faru da shi sau da sau. A watan Afrilu na 1984 gwamnatin Janar Buhari ta rufe iyaka lokacin canjin kuɗi, ba a buɗe ba sai a 1986, abin ya haɗu da fari, har mutanen Nijar suka laƙaba wa yunwar shekarar sunansa. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi, 'yan canji da masu shigo da kaya suka kwana da lissafi ɗaya suka tashi da wani. A watan Agusta na 2019 aka sake rufewa, aka kuma hana kai mai gidajen man da suke cikin kilomita 20 daga iyaka, sai a Disamba 2020 aka buɗe Illela da Maigatari. Ranar 29 ga Mayu 2023 aka cire tallafin mai a Najeriya, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500, ribar jarka ta zube cikin mako guda. Bayan wata biyu aka yi juyin mulki a Yamai, iyaka ta sake rufuwa, Najeriya ba ta buɗe nata gefen ba sai Maris 2024. Kowane karo, wani ne a Abuja ko Yamai ko wani babban birni ya sa hannu a takarda, yaron Jibiya ko Ɗan Isa ya rasa aiki. Wanda ya shekara biyar a kan babur ɗin fito ya san hanyar daji da ramukanta, ya san jami'in da ake ba ɗari biyar, kuma babu kasuwar da ake sayen wannan sani in fiton ya mutu. Abokinsa da ya shekara biyar yana riƙon igiya a karar Maigatari ranar Alhamis, ko ta Illela ranar Lahadi, yana buɗe bakin sa ya faɗi shekarunsa, ya taɓa ƙugu ya faɗi nauyin nama, mahauta uku ko huɗu daga kudu suna da lambarsa. An rufe iyaka ko an buɗe, ana cin nama.

Haƙar zinariya ma, tun da aka gano ta Jado a 2014 samari suka yi ta kwarara arewa, kusan irin wannan lissafin ne, sai dai ramin ya fi zurfi.

Ta fuskar doka, yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta 1973, wadda Nijar da Najeriya duka suka sa wa hannu, ta sa shekara 15 a matsayin farkon shiga aiki sosai, ta yarda ƙasashe masu tasowa su fara da 14, ta kuma bar ƙofar ɗan aiki mara nauyi ga wanda bai kai ba, muddin bai hana shi karatu ba bai cutar da lafiyarsa ba. Aiki mai haɗari kuwa sai 18. Na san a daji da kara ba da wannan takarda ake tashi ba. Amma maganar karatun tana da amfani ko ga wanda bai damu da doka ba, domin malamin ayari na yau shi ne yaron da ya iya rubuta bashi a littafi, ya karanta rasit da Turanci ko Faransanci, ya duba saƙon banki a waya ya gane na gaske da na bogi. Aikin ranar kasuwa da yake barin yaro ya je allo da boko ko lakwal sauran kwanaki, ya fi wanda zai cinye makon duka, ko da kuɗinsa bai kai ba.

Abin da ya ɓace daga tsohon tsari, wanda kuma ba gwamnati ce za ta dawo da shi ba, shi ne magana a gaban shaidu. Da, uba ne kan kai ɗansa da kansa, a zauna da maigida, ardo ko sarkin kara ko limamin unguwa yana ji, a faɗi shekara nawa, a faɗi abin sallama, maraƙi ne ko jari ko keken ɗinki. Yau yaro ne yake kai kansa, uba sai dai ya ga ana kawo cefane ya yi shiru. Ku kuma iyayenmu masu shaguna da garkuna da motoci, da yawanku wani ne ya sallame ku. Yaran da suke gabanku yanzu, akwai wanda aka yanka wa rana?

A shiri mai zuwa muna neman dattawan da suka taɓa kora shanu da ƙafa zuwa kudu ko Gana, su faɗa mana da bakinsu abin da aka biya su a tafiyar farko da abin da suka yi da shi. Wanda ya san irinsu a ƙauyensu ko a rugarsu, ya aiko mana da saƙo ta hannun wakilinmu ranar kasuwa.